An ɗauke mini waya da duk kalmomin sirrina a ciki: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce a Kano, ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp. Jiya bayan magariba na sauka daga adaidaita sahu, ina laluba jaka na ga babu wayata. Na kira, ta yi ƙara sau biyu, daga nan aka kashe. Android ce. Duk shafin da na shiga, in Chrome ya tambaye ni ko ya adana kalmar sirri sai in amince, don haka yanzu ko rabinsu ban riƙe a ka ba. Lambobin sirrin bankuna biyu da na katin ATM na rubuta su a Notes, akwai kuma hoton katin gaba da baya a cikin hotunana. Makullin wayar zane ne, kuma na buɗe ta ya fi sau biyar a cikin adaidaitar. Layin da banki ke turo mini alat yana ciki. Ban runtsa ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya mayar miki da mafi alheri, Ya tsare abin da ya rage.

Ki ɗauka cewa wanda wayar ke hannunsa ya riga ya buɗe ta. Mai yiwuwa bai buɗe ba, amma a kan wannan zaton za ki yi aiki. Wanda ya zauna gefenki a adaidaita, kallo ɗaya ya ishe shi ya haddace zanen, kuma maiƙon yatsa kan bar sawunsa a gilashi, in aka karkata wayar wajen haske sai a ga hanyar da yatsan ke bi ɓaro-ɓaro. Wannan zanen kuwa shi ne abin da wayar ke tambaya kafin ta nuna kalmomin sirrin da Chrome ya adana. Wato wanda ya san shi zai iya zama ya karance su ɗaya bayan ɗaya. Notes da hotuna ma ba su tambayar komai.

Saboda haka ki ajiye batun nemo wayar tukuna. Abin da ke gabanki shi ne rufe ƙofofi, kuma wadda aka fara rufewa tana da muhimmanci ƙwarai. Banki da layi su ne farko, imel ya biyo baya, sauran su zo daga ƙarshe.

Ki ari wayar wani na gida yanzu, ko da ƙaramar Nokia ce, ki kulle asusunki na banki. Manyan bankuna suna da lambar gaggawa da ake dannawa daga kowane layi: Access *901*911#, Zenith *966*911#, First Bank *894*911#, GTBank *737*51*74#. Za a tambaye ki lambar wayar da kika yi rajista da ita ko lambar asusun, wani bankin ya ƙara da lambar sirri, daga nan a dakatar da fitar kuɗi. In bankinki ba ya cikin waɗannan, ki duba bayan katin ATM ɗinki, akwai lambar kiran ma'aikatansu. Kada ki nemo lambar banki a Facebook ko a sharhin mutane, 'yan damfara sun cika wuraren nan da lambobin bogi, suna jiran wanda ke cikin ruɗu irin naki. Haka za ki yi wa asusun OPay, Moniepoint ko PalmPay in kina da su, domin da lambar waya ake shigarsu. Ma'aikacin banki na gaskiya ba zai ce ki karanto masa lambar sirrinki ko lambar OTP ba, wato lambar amfani sau ɗaya da banki ke turowa ta saƙo. Wanda ya nemi haka, ki katse kiran.

Katin ATM ɗin nan ki ce a soke shi ɗungurungum, a ba ki sabo. Sauya lambar sirrinsa kawai ba ya wadatarwa, tunda hotonsa na hannun wani. Dogayen lambobin gaba, da ranar ƙarewar aiki, da lambobi ukun nan na baya, da su ake sayayya a intanet ba tare da an taɓa katin ba. Ɗan kuɗin sabon kati bai kai abin da za a iya kwashewa a dare ɗaya ba.

Sai layi. Mutane da yawa sukan raina wannan mataki, alhali sau tari layin ɓarawo ke so fiye da wayar. Ko bai iya buɗe wayar ba, zai zare sim ɗin ya sa a wata, shi ke nan duk saƙon OTP da banki zai turo, shi zai karɓa. Da layin ake duba lambar BVN da ta NIN ta hanyar danna gajerun lambobi, da shi ake tiransifa ba tare da manhaja ba, da shi kuma ake danna "na manta kalmar sirri" a Facebook da Gmail a karɓi sabuwa. Akwai waɗanda aka ci bashi da sunansu a manhajojin ba da lamuni ta wannan hanya, ba su sani ba sai da aka fara kiran danginsu. Ki nemi wanda layinsa kamfani ɗaya ne da naki, ki kira 300. Tun 2023 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta mai da ita lambar kiran ma'aikata a duk kamfanonin sadarwa na Najeriya, amma kamfanin layin da aka kira da shi take kai mutum, shi ya sa muka ce ki nemi irin naki. Ki ce an sace layinki, a rufe shi. Za su yi miki tambayoyi don su tabbatar ke ce mai shi.

Rufe layin rabin aiki ne, domin ke ma yanzu ba za ki samu OTP ba. Gobe da sassafe ki je ofishin kamfanin da kanki a yi miki abin da ake kira walkam-bak, wato a ba ki sabon sim mai tsohuwar lambarki. Ki tafi da takardar NIN. In kwalin sim ɗin na asali ya ɓata, galibi ana neman takardar rantsuwa ta kotu ko rahoton 'yan sanda. Sukan tambayi lambobin da kika fi kira da kuɗin katin da kika sa na ƙarshe, don haka ki rubuto su tun daga gida, kada ki tsaya a gaban ma'aikaci kina tunani. Da zarar sabon ya fara aiki, tsohon ya mutu a hannun ɓarawo. Matsalar da ake yawan cin karo da ita a nan ita ce layin da aka yi wa rajista da sunan miji ko ƙane. In haka naki yake, ku tafi tare, domin fuskarsa ko yatsansa za a duba.

Yanzu mu zo kan asusun Google, wanda a nan ne za ki fi daɗewa. Kalmomin sirrin da Chrome ya adana suna cikin asusunki na Gmail, wayar hanyar isa gare su ce kawai. Wannan yana da daɗi ta gefe ɗaya: ba su ɓata ba, kina shiga passwords.google.com za ki gan su duka. Ta ɗaya gefen kuma, duk wanda ya riƙe Gmail ɗinki ya riƙe komai, domin can ake turo saƙon sauya kalmar sirrin kusan kowane shafi.

Ki samu kwamfuta ko wayar wanda kika amince da shi, ki buɗe shafin sirri na Chrome, wanda ake kira Incognito, don kada kalmarki ta zauna a na'urar. Kada ki yi wannan a shagon buga takardu. Ki shiga android.com/find da Gmail ɗinki. Idan aka ce an tura lamba zuwa wayar da ta ɓata, ki danna "Try another way", za a nuna miki sauran hanyoyin da kika taɓa saitawa, kamar imel na biyu ko saƙo zuwa layinki. In layin ne kaɗai hanya, to dole sai kin karɓo sabon sim, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa muka ce ki yi sammako.

A shafin za ki ga zaɓin sa wayar ta yi ƙara, da na kulle ta, da na goge ta. Kullewa ba za ta amfane ki sosai ba, domin da zanen nan naki za ta kulle, wanda muke zaton an sani. Shawararmu ki goge. Mun san abu ne mai ciwo, domin bayan gogewa ba za ki ƙara ganin wayar a taswira ba, kuma hotunan da ba su hau Google Photos ba sun tafi. Amma wayar da aka kashe bayan kira biyu tana hannun wanda bai yi niyyar mayarwa ba. In a kashe take ko babu data, umarnin zai jira, sai ranar da ta hau intanet ya yi aiki. Ki kuma sani cewa gogewar ba lallai ta taɓa katin memori ba, in akwai shi a ciki. Ko da taswirar ta nuna miki wata unguwa ko wani layi a kasuwa, kada ki je, kada ki tura ƙannenki. Ki ɗauki hoton abin da ta nuna ki kai wa 'yan sanda, tare da lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lamba 15 da ke jikin kwalinta. Rahoton da za su ba ki zai yi miki amfani a banki in daga baya aka ga an taɓa kuɗi.

Bayan kin aika umarnin gogewa, ki shiga myaccount.google.com, sashen "Security", ki sauya kalmar sirrin Gmail. Ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe: suna zaton sauya kalmar ta fitar da ɓarawo daga ko'ina. Google da kansa ya bayyana cewa na'urar da ake amfani da ita wajen tabbatar da cewa kai ne mai asusun tana iya ci gaba da zama a ciki bayan an sauya kalmar, kuma wayarki da aka ɗauke irin wannan na'urar ce. Don haka a wannan sashen ki nemi "Your devices", ki danna sunan wayar, ki danna "Sign out" da hannunki.

Kada ki fita tukuna. Ki duba lambar waya da imel ɗin da aka sa don dawo da asusu, ki tabbatar naki ne. Ɓarawo mai wayo yakan ƙara tasa lambar a nan, ya yi shiru, bayan mako biyu ya dawo ya ƙwace asusun cikin sauƙi. Ki duba jerin abubuwan da aka yi a asusun kwanan nan, za ki ga ranar da lokacin da aka shiga. A cikin saitin Gmail kuma ki leƙa wajen "Forwarding", ki tabbatar ba a sa ana tura kwafin wasiƙunki zuwa wani adireshi ba. In kuwa kin zo shiga kika tarar an riga an sauya kalmar, ki bi ta g.co/recover, kuma ki yi daga na'urar da kika taɓa shiga Gmail da ita, a gidan da kika saba, domin Google yana la'akari da waɗannan wajen gane mai asusu.

Daga nan sai aikin da ba shi da gajeriyar hanya. Gogewa tana hana a ƙara gani, amma abin da aka riga aka karanta ko aka ɗauki hotonsa da wata wayar, ba ta iya dawo da shi. Duk kalmar sirrin da ke cikin jerin nan sai an sauya ta a shafinta. Share ta daga jerin Google ba sauyawa ba ne, tsohuwar tana nan tana aiki a shafin. Ki buɗe passwords.google.com, ki ɗauki takarda, ki jera su gwargwadon ɓarnar da kowace za ta iya jawowa. Duk abin da ya shafi kuɗi ya zo a sama: manhajojin banki, lambar tiransifa, shafukan sayayya da kika bar katinki a ciki. Sauran imel ɗinki su biyo, sannan Facebook da Instagram da TikTok. Shafin da kika shiga sau ɗaya shekara uku da suka wuce zai iya jira zuwa jibi, sai dai in kalmarsa iri ɗaya ce da ta wani muhimmin wuri. A shafin akwai wajen da aka rubuta "Checkup", zai nuna miki waɗanda kika maimaita da masu rauni. A Facebook da Instagram, bayan sauya kalmar, ki shiga "Password and security", ki nemi "Where you're logged in", ki fitar da duk na'urar da ba ta hannunki.

Lambobin da kika rubuta a Notes duk sun ƙone, har da waɗanda kike ganin kin ɓoye da sunan "kuɗin leshi" ko kika juya su baibai. Masu wannan sana'a sun saba da dabarun nan. A banki ki nemi a sake miki lambar shiga manhaja, da ta tiransifa, da ta USSD (wadda ake sawa in an yi tiransifa ta danna gajerun lambobi), sannan a buɗe asusun. Ki karɓi bayanin shige da ficen kuɗi tun daga jiya ki karanta layi-layi, har da ƙananan kuɗi, domin ana fara gwaji da ɗari biyu ko ɗari biyar a ga ko hanya a buɗe take. In kin ga abin da ba ke kika yi ba, ki shigar da ƙorafi a rubuce nan take, ki karɓi lambar ƙorafin. Gwargwadon saurinki, gwargwadon damar da bankinki ke da ita ta tuntuɓar bankin da kuɗin ya shiga a riƙe shi kafin a cire a wajen mai POS.

WhatsApp shi ne shagonki, don haka yana buƙatar kulawa ta musamman. Tun yau ki sa 'yan gidanku da ƙawayenki su ɗora a sitatus cewa an ɗauke wayarki, kada kowa ya tura kuɗi ko ya amsa saƙo daga lambarki. Abin da aka saba yi shi ne a bi kwastomomi ana cewa "na canza akawun, ki tura nan", ko a roƙi dangi bashin gaggawa da sunanki. Sabon sim na shiga hannunki, ki sa WhatsApp a wata waya, ki yi rajista da lambarki, ki shigar da lambobi shidan da za a turo. Wannan kaɗai ya fitar da ɓarawon, domin lamba ɗaya ba ta zama da rajista a wayoyi biyu a lokaci guda. In ya riga ya sa wa asusun lambar tabbatarwa ta mataki biyu, za a tambaye ki lambar da ba ki sani ba. Kada hankalinki ya tashi: shi an riga an fitar da shi, ke kuma bayan kwana bakwai za ki shiga ba tare da ita ba. Kina shiga ki duba "Linked devices" ki cire duk abin da kika gani, sannan ki sa taki lambar mai shida tare da imel.

A kwanaki masu zuwa za a iya turo miki saƙo cewa an ga wayarki, ki latsa wani adireshi ki ga inda take, ko wani ya kira ya ce daga banki ne, an ga ana taɓa asusunki, ki karanto lambar da ta shigo don a dakatar. Duk tarko ne, kuma an fi kama mutum da shi a irin wannan lokaci da zuciya ke rataye da wayar. Masu iPhone sun fi fuskantar na farkon, domin ɓarawo ba ya iya sayar da ita a matsayin waya mai aiki sai ya raba ta da asusun Apple na mai ita. Ga masu irin wannan waya da ke karanta mu: iCloud.com/find za ku shiga, ku sa ta a yanayin ɓata, ku goge in ta kama, amma kada ku cire ta daga asusunku ko bayan gogewa, cirewar ce ke buɗe wa ɓarawo ita.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka sabuwar waya ki shirya ta tun ranar farko. Ki bar zane, ki sa lamba aƙalla shida wadda ba shekarar haihuwa ba ce ba kuma wutsiyar lambar wayarki ba, ki haɗa da yatsa, don a cikin jama'a yatsa kawai za ki ɗora, babu abin da wani zai haddace. Ki sa wa sim ɗin kansa lambar sirri a cikin saitin tsaro. Da wannan, in aka zare shi aka sa a wata waya ba zai yi aiki ba. Ki tambayi kamfanin lambar farko ta sim ɗin kafin ki fara, kada ki yi ta cinke: kuskure uku yana kulle shi sai da lambar buɗe sim mai takwas da ake kira PUK, kuskure goma a PUK kuma yana kashe shi har abada. Ki hana saƙonni nuna abin da ke cikinsu a fuskar waya tana kulle, in ba haka ba ana karanta OTP ba tare da an buɗe ta ba. A wayoyin Android 10 zuwa sama, ban da ƙanana masu Android Go, akwai "Theft protection" a sashen Google na saitin. Ki kunna duk abin da ke ciki, har da wanda ke kulle waya da kansa in ya ji an fizge ta an ruga, da wanda ke ba ki damar kulle ta daga android.com/lock da lambar wayarki kawai.

Ba mu ce ki daina barin Google ya adana miki kalmomin sirri ba. Ya fi maimaita kalma ɗaya a wuri ashirin nesa ba kusa ba, muddin makullin wayar mai ƙarfi ne. Ta Gmail ce kaɗai za ki riƙe a ka, kuma ki yi ta doguwa: kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, a tsarma lamba a tsakani, sun fi sunan ɗa da shekarar haihuwarsa wahalar cinka, sun kuma fi sauƙin tunawa. Lambobin banki kuwa kada su sake shiga waya ta kowace siga, ko Notes, ko hoto, ko saƙon da mutum ke tura wa kansa a WhatsApp. In kina tsoron mantuwa, ƙaramin littafi a cikin akwatin da kike ajiye takardun gida da sarƙoƙinki ya fi aminci, tunda ba ya hawa adaidaita.

A cikin littafin nan ki rubuta lambar IMEI ta sabuwar wayar, wadda za ki gani in kin danna *#06#, da lambar PUK, da lambar gaggawar kulle kowane banki. Sannan ki kunna tabbatarwa ta mataki biyu a Google, ki nemi "Backup codes". Zai ba ki lambobi goma, kowace mai takwas, kowace kuma sau ɗaya take aiki. Ki kwafe su da biro a shafi na gaba. Da ɗaya daga cikinsu za ki iya shiga Gmail ɗinki daga wayar maƙwabciya a daren da abin ya faru, ba sai kin jira ofishin kamfanin layi ya buɗe ba.